Ƙwan H4 mai wat 100 a Hilux

Malam, ka ce fitilar a-kori-kurarka ba ta haska maka hanyar Katsina zuwa Daura, ko ka sa ƙwan fitilar gaba samfurin H4 mai wat 100/90 (100 a dogon haske, 90 a gajeren haske)? Kada ka ɗaura shi kai tsaye. Wayar motar ta ƙwai mai wat 60/55 ce, shi kuwa babban yana jan kusan amfiya 8, soket ya yi zafi ya narke. In ya zama dole, mai wayarin ya jawo wuta daga batir, ya sa rile biyu (makunnin da ke ɗauke wa wayar motar nauyin wuta), fiyus mai amfiya 20 da soket na tangaran.

Amma fara duba murfin fitilar. In ya dushe ya yi rawaya, kowane ƙwai ka sa hasken watsewa zai yi, sai an goge. Ka guji farin LED mai shuɗi-shuɗi, lokacin hazo ƙura ce za ta dawo maka da hasken cikin ido.