Amsa ga mai fargabar tiyatar haihuwa

'Yar'uwa, kin ce likita ya ce jaririnki a gicciye yake, sai an yi aiki, kina tambaya ko akwai wadda ta ji daɗin tata tiyatar. Akwai, ga ni.

Allurar baya aka yi mini, idona biyu, ina jin ana taɓa cikina amma babu zafi ko kaɗan. Cikin 'yan mintoci na ji kukan ɗiyata, nas ta kawo ta kusa da kumatuna. Aikin duka ba ya cika wuce awa ɗaya.

Gaskiya tashin farko da ciwo. Amma ki daure ki taka washegari idan sun cire robar fitsari, tafiyar tana hana jini daskarewa a ƙafa. In tari ya zo, ki danna filo a kan ɗinkin.

Ki roƙi su Inna su sassauta wankan jego: kada ruwa mai tsananin zafi ya taɓa wurin, kunun kanwa kuma a bar shi. Kada ki ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi har mako 6. Zazzaɓi, ɗiwa ko zubar jini mai yawa, ki koma asibiti nan take. Allah ya sauke ki lafiya.