Kyamarar tsaro tana yin fari da dare

Malam, ka ce da rana kyamararka tas take nunawa, da dare kuma sai hazo fari. Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Ƙananan fitilun infrared (masu haska mata a cikin duhu) da ke kewaye da idonta, haskensu ne yake dawo mata. Duba ko ta matso bango ko bakin kwanon rufi, ka ɗan karkatar da ita. Goge gilashin kuma, don ƙurar hunturu da saƙar gizo-gizo suna yawan jawo haka. In kuwa duhu na yi take ɗaukewa, zargi adaftar da ke ba ta wuta: fitilun suna ƙara jan wuta, in kyamarar mai 12V ce, nemi mai 12V 2A. In za ka sayi wata, ɗauki mai lambar IP66, wato mai jure ƙura da ruwan sama, kuma kada ka kafa ta a bayan gilashin taga.