Lotsawar ƙasa kaɗai ba ta isa shaidar kufai ba

Malam, tambayarka ita ce ko wuraren da ka ga ƙasa ta lotsa a kewaye lokacin binciken fili na neman wuraren tarihi sun isa ka rubuta su a matsayin tsofaffin ɗakuna. A'a, ba su isa ba. Ka rubuta su a matsayin wuraren da ake zato, ka auna faɗi da zurfin kowanne, ka ɗauki lambar GPS. Ɗakin da aka haƙa cikin ƙasa yakan bar tudu mai zagaye bakin ramin, cikinsa a shimfiɗe, kuma galibi za ka tarar da irinsa da dama kusa da juna, ba nesa da ruwa ba. Idan faɗin bai wuce mita ɗaya ko biyu ba, ya fi kama da ramin ajiya.

Abin da ya sha yaudarata shi ne gurbin bishiyar da iska ta tumɓuke. Saiwoyin sukan ɗago ƙasa su tara ta a gefe guda, don haka in tudun na ɓangare ɗaya ne kawai, ka yi hattara. Hoton LiDAR, wato hoton siffar ƙasa da ake ɗauka da hasken leza, shi ma siffa kawai yake nunawa, ba ya rarrabe maka. Ba za a tabbatar ɗaki ne ba sai an samu izini an haƙa ramin gwaji na mita 1 a kan mita 1, an ga daɓen da ƙafa ta taka ya yi tauri, ko murhu da toka, ko gurbin dirka, ko tsingaro a kan daɓen. In an dace da gawayi a murhun, shi za a kai awon kabon-14 a san shekarun wurin.