Amsar da na ba ƙanena kan gudu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, na saurari muryarka, wai shekara 48 har yanzu ina gudu, ba na tsoron gwiwa ta tashi aiki? Eh to, ka yi haƙuri, amsar za ta ɗan ja.

Ni ina ɗan shekara 12 na fara, ƙafa ba takalmi. Wani malaminmu ya ba mu labarin Abebe Bikila na Habasha, yadda ya lashe gudun fanfalaki na Olamfik a Roma a 1960, kilomita 42 da 'yan kai, shi ma ba takalmi. Shi ke nan, kowa a cikinmu ya zama Bikila.

Da can agogo nake yi wa gudu. Kilomita 10 a minti 41, in dawo in rubuta a bayan littafi, in na ƙara rabin minti ranar ba mai ganin haƙorina. Yanzu minti 55 nake yi, wani lokacin ma agogon a gida nake mantawa da shi. Na daɗe ina lallashin kaina da Carlos Lopes na Fotigal, wanda ya ci zinare a gudun fanfalaki na Olamfik a Los Anjelas a 1984 yana da shekara 37. To yau na girme wa Lopes ɗin wancan lokaci da shekara 11, lallashi ya ƙare.

Batun gwiwa kuwa, ni ba ita ta kayar da ni ba, agara ce. Ina 43 na ninka tazarar da nake yi cikin mako biyu, don wauta. Sai in tashi da safe, taku goma na farko kamar an soka mini ƙusa a bayan dunduniya. Wata huɗu ban yi gudu ba. A zaman nan na gane ba minti 41 nake kewa ba. Akwai wani wuri, bayan kamar kwata da farawa, da jiki yake sakewa, numfashi ya daidaita da taku, ba ka jin komai sai ƙafarka a ƙasa, tunanin da ya hana ka barci ya warware da kansa. Wannan nake kewa, wallahi, kuma a hankali ma ana isa wurin.

Ka gane, masu gudu daidai wa daida ba su fi masu zaman kujera ciwon gwiwa ba, guringuntsi yana son motsi. Gaggawa ce ke ɓarna. Zuciya kuma iyakar bugunta na raguwa kusan ɗaya duk shekara, lissafin da aka saba shi ne ka cire shekarunka daga 220. Ina 20 wajen bugu 200 a minti ke nan, yanzu 172. Shi ya sa kwana uku kawai nake fita a mako, tsakani in huta, in ɗan yi motsin ƙarfafa ƙwauri da cinya.

Amma kada ka ɗauka na shiryu. Makon jiya wani yaro ya wuce ni fuu, ko haki ba ya yi. Kafin in ankara na bi shi. Mita 200 na riƙe, daga nan na tsaya na dafa gwiwa ina dariya ni kaɗai. Kwana biyu da baya-baya nake sauka daga bene.