Mai inshora ya yi min tayin wulaƙanci

Tambaya: Salam Malam, wani ne ya daki motata ta baya, bamba da fitilu duk sun tashi aiki. Yana da inshora, amma jami'in da kamfanin ya turo ya leƙa kawai ya yanka kuɗin da ko fenti ba zai yi ba. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, kar ka sa hannu tukuna ɗan'uwa, kana sawa magana ta ƙare. Je wajen fanabita da mai kayan gyara su rubuto maka farashi, ka haɗa da hotuna da rahoton ƴan sanda ka mayar musu a rubuce, ba ta waya ba. Ai inshorar mota ta naira dubu 15 ɗin nan, wato 'third party' mai biyan wanda aka yi wa ɓarna, tun 2023 tana biyan ɓarna har naira miliyan 3. In suka ci gaba da ja maka rai, kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a Najeriya.