Yaya, ga abin da ke cikin tukunyarmu a Holan

Salamu alaikum, Yaya. Ya gida, ya su Inna, ya zafin Kano? Saƙonki na murya ya iso, har sau uku na saurare shi. Kin ce kin ga hoton yara suna karyawa da burodi an barbaɗa masa wani baƙin abu, hankalinki bai kwanta ba, kika tambaya ko mun bar tuwo ne, kuma wa ya ba mu tabbacin abincin mutanen nan halal ne. Na san damuwa da mu ce ta sa kika tambaya, shi ya sa na zauna in amsa miki a tsanake.

Baƙin abin nan cakulan ne ƙanana, sunansa hagelslag. Ana shafa bota a burodi a barbaɗa shi, yaro da babba duk haka suke karyawa a nan. Tuwo kuwa yana nan daram. A gidana ba a kwana uku ba a tuƙa ba, ko na shinkafa ko na semo, kuma kukar da kika aiko bara har yanzu da saura. A nan birnin Hague akwai babbar kasuwa, Haagse Markt, inda nake samun kuɓewa ɗanya da attaruhu da doya da manja. Wanda ya je unguwar Bijlmer a Amsterdam kuwa, inda 'yan Gana suke da yawa, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawan zango na Kumasi da Akara, zai ɗauka wata kasuwar gida ya shiga. Sai dai yaran nan a nan aka haife su, da rana a makaranta abin da 'yan ajinsu ke ci shi suke gani. Na ga gara in koyi abincin ƙasar in dafa musu da hannuna, in san abin da na zuba a ciki, da su je su ci a inda ban sani ba. Yawancin matanmu a nan shawarar da suka yanke ke nan.

Maganar halal gaskiyarki ce, domin mutanen nan akwai su da naman alade. Miyar wakensu ta lokacin sanyi, wadda suke kira snert, mai kauri har cokali ya tsaya a ciki, da alade ake yin ta. Tsiran alade mai hayaƙi da suke ɗorawa a kan abinci, rookworst, shi ma asalinsa haka ne. Alhamdu lillahi Turkawa da 'yan Maroko sun riga mu zuwa tun shekarun 1960, sun kafa masallatai da shagunan nama, don haka a wajen mahautansu muke sayen nama, har rookworst ɗin na naman sa suna da shi. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne alawa. Da yawa ana sa musu jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samo shi, don haka tun yaro yana ƙarami muke koya masa ya juya leda ya karanta bayanta kafin ya kai baki. Babbar 'yata tun tana da shekara bakwai ita ke karanta wa ƙannenta.

Abincin da ya fi kama gidana shi ne stamppot. Ki ɗauka faten dankali ne da aka bari ya yi ƙarfi kamar tuwo mai laushi: a dafa dankalin Turawa da ganye a tukunya ɗaya, a tsiyaye ruwan, a daddaka su tare da bota da ɗan madara. Ganyen da suka fi so shi ne boerenkool, ɗan'uwan kabeji ne mai kauri da nannaɗe, kuma suna cewa ya fi daɗi bayan ƙanƙara ta sauka a kansa a gona. Ke a can alayyafo zai yi miki. Akwai kuma na karas da albasa, shi ake kira hutspot, wanda za ki iya yi yau ba sai kin nemi komai daga waje ba. Dankali kilo 1, karas kilo 1, albasa rabin kilo. Ki jera dankalin a ƙasa, karas a kai, albasa a sama, ruwa kada ya rufe su duka, ki ba shi kamar minti 25. Gefe guda ki dafa naman ƙirjin sa a hankali har ya yi luguf. Idan kin zuba a faranti, sai ki yi ɗan rami a tsakiya da bayan cokali ki cika shi da romon naman, haka suke yi. Ni nakan ƙara citta da masoro da attaruhu a romon, don su gishiri da ɗan barkono kaɗai ya ishe su, mu kuwa harshenmu ba zai yarda ba.

Hutspot yana da tarihinsa. A shekarar 1574 sojojin Sifaniya suka yi wa garin Leiden ƙawanya wata da watanni, yunwa da annoba suka kashe mutane da yawa. Aka fasa madatsun ruwa ƙasa ta cika, jiragen ceto suka samu hanya, ranar 3 ga Oktoba suka shigo da kifi da farin burodi. Ana ba da labari cewa a sansanin da maharan suka gudu suka bari an tarar da tukunyar dafaffen karas da albasa da nama. Har yau duk 3 ga Oktoba mutanen Leiden suna biki, suna cin hutspot da kifin haring da farin burodi. Daga nan zuwa can bai wuce kwata na awa a jirgin ƙasa ba, mun taɓa kai yara. Ni labarin mutanen da suka san yunwa har suka mayar da tukunya ɗaya abin tunawa, ya sa na daina yi wa abincin kallon raini.

Wadda ta koya mini shi maƙwabciyata ce, wata dattijuwa, kuma farkon haɗuwarmu bai yi daɗi ba. Ina sabuwar zuwa ta gayyace ni shan kofi. Ta buɗe gwangwanin biskit, na ɗauki ɗaya, ta ɗauki ɗaya, ta rufe ta mayar da shi mazauninsa. Muna cikin hira, shida saura kwata, ta dubi agogo ta ce, to, mu yanzu za mu ci abinci. Na zauna ina jiran a ce bismilla, sai na ga ta ɗauko mini rigar sanyina. Yaya, a kan matakala na fara hawaye. Da maigidan ya dawo na ce masa an wulaƙanta ni. Ya ce in yi haƙuri, ba ƙiyayya ba ce, su abincin dare ƙarfe shida ne, kuma dankalin ƙirga shi ake yi daidai da bakunan gidan, baƙo sai an sa rana tun da wuri an rubuta a littafi. Bayan shekara biyu, da na haihu, matar nan ita ta riƙa hawo mini da miya kullum, da naman da ta je ta sayo takanas a wajen mahaucin Baturke don kada in yi shakka. Wannan al'ada tasu ta ƙirga baki dai ba mu ɗauka ba. A gidajenmu har gobe ana ƙara gwangwani ɗaya a tukunya saboda mai shigowa, kuma na gaya wa yarana abokinsu ba ya fita gidana da yunwa don shida ta yi. Iyayen wasu har mamaki suke yi.

Abin da zai ba ki dariya shi ne tanda. Ranar da na fara ganin mai poffertjes a kasuwa, na tsaya cak. Faranti ne na baƙin ƙarfe mai ramuka, yana zuba ƙullu yana juyawa da ɗan tsinke mai yatsu biyu, sak mai waina a bakin Kasuwar Rimi, sai dai ramukan ƙanana ne, kowace ɗaya loma guda. Ƙullun na fulawa ne da yis da madara da ƙwai, na asali ana gauraya shi da garin wani hatsi da suke kira boekweit. Ana ci da zafi, da bota a kai tana narkewa da garin sukari. Na sayi tandar, kuma na gano tana yin wainar shinkafa ƙanana masu kyau. Ranar Asabar nakan kwaɓa ƙullu biyu: yara su ci nasu da sukari, ni da babansu mu ci namu da miyar taushe.

Fanke ma suna da shi, sunansa oliebollen, sai dai su na daren ƙarshen shekara ne, 31 ga Disamba. Tun watan Nuwamba za ki ga rumfunan masu suya a bakin titi, ƙamshi ya cika iska mai sanyi. Fulawa rabin kilo, yis ƙaramar leda ɗaya, madara mai ɗumi kusan rabin lita, ƙwai ɗaya, ɗan gishiri. Bambancinsa da namu, ba a cika sukari a ƙullun, sai a zuba zabibi da aka jiƙa da tuffa yankakkiya ƙanana. Ki rufe ya tashi awa ɗaya, ki soya a mai mai zurfi da wuta matsakaiciya don cikin ya nuna, sannan ki barbaɗa garin sukari. Mu ba mu jira Disamba, da azumi muke yinsa. Shekarun da azumi ya faɗo a watan Yuni muna kai awa 18 da ɗoriya, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, kuma a masallaci oliebollen ɗinmu yakan zauna a faranti ɗaya da dabino da ƙosai kusa da miyar harira ta 'yan Maroko.

Da haihuwa suna da nasu abin rabo. Wani busasshen burodi ne zagayayye, beschuit, a shafa bota a barbaɗa ƙwayoyin anis da aka lulluɓe da sukari, muisjes. Shuɗi da fari in namiji ne, ruwan hoda da fari in mace ce. Uba ya kai wurin aiki, yayyen jariri su kai ajinsu. Mun karɓi wannan, don ba mu ga aibinsa ba. A sunan autana, tire ɗaya alkaki da dubulan da cincin, ɗaya beschuit mai shuɗi, kowa ya ɗauki abin da ya sani ya ɗanɗana na maƙwabcinsa. Rago kam ba a yankawa a gida, doka ta hana, sai a mayanka ta hannun mahauci, ko a aiko kuɗi gida a yanka, kamar yadda muka yi da ku.

Ba duka ne na iya ba. Ɗanyen kifin haring da albasa, wanda suke ɗagawa ta wutsiya su zura a baki, har yau na kasa, duk da maigidan yana ci. Baƙar alawarsu mai gishiri, drop, ita ma yara ne kawai ke sha. Amma miyar gyaɗa da suke zubawa a kan soyayyen dankali da tsiren kaza, wadda suka samo daga Indonesiya da suka yi wa mulkin mallaka, ranar da na fara ɗanɗanawa sai da na tuna mai tsiren layinmu. Biskit ɗinsu na speculaas kuwa kirfa ce da kanumfari da citta da gyaɗar ƙamshi, kayan da ke cikin gwangwanin Inna. Kuma ki tuna ke ma Holan ta daɗe a ɗakinki: atamfar da ke ƙasan akwatinki a garin Helmond ake buga ta, madarar Peak ta shayinku ma asalinta daga nan ne.

Akwai wata 'yar Katsina da za ta taho gida ƙarshen wata, zan ba ta ƙaramar tandar da leda biyu na stroopwafel, wainar garin Gouda mai zaƙi a tsakiya. Kada ki ci shi haka. Ki ɗora a bakin kofin shayi mai zafi minti biyu, tururi ya tausasa cikin, sannan ki ba Inna ta fara. In za ta dawo ki haɗo mini daddawa da yajin ƙuli, da busasshiyar kuɓewa in ta samu. Ki gaishe da kowa da kowa.