Dole ne kamfani ya ba ni lokacin sallar Juma'a?

Tambaya: Barista, ina aiki a wani kamfani a Amurka. Na roƙi a riƙa ba ni awa biyu ranar Juma'a in je masallaci, in rama da yamma. Manaja ya ce ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. Yana da gaskiya a doka?

Amsa: Malam, wannan magana tasa kaɗai ba ta zama hujja ba. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, bayan gyaran 1972, ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama ya sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa, sai in hakan zai jefa kamfanin cikin wahala mai tsanani.

Lauyoyi sun daɗe suna sa-in-sa kan ma'aunin wannan wahala. A 1977, a shari'ar kamfanin jirage na TWA da ma'aikacinsa Hardison, wanda addininsa ya hana shi aiki ranar Asabar, Kotun Ƙoli ta ce asarar da ta ɗara ƙanƙanuwa ta isa uzuri. Kamfanoni suka fake da wannan har shekara 46. A 2023 ne aka sauya, a ƙarar Gerald Groff, Kirista ma'aikacin gidan waya da ya ƙi aikin Lahadi. Alƙalai tara baki ɗaya suka ce sai kamfani ya nuna asara mai nauyi gwargwadon harkarsa, kuma ƙyamar da abokan aiki ke yi wa addinin mutum ba ta shiga lissafi.

Ba ko'ina ake tafiya haka ba. Kotun Tarayyar Turai ta yarda a 2017 cewa kamfani na iya hana duk wata alamar addini, har da ɗankwali, muddin hanin ya shafi kowa. Ni dai wannan hukunci bai kwanta mini ba. Ƙa'idar da ake cewa ta kowa, galibi da mafi rinjaye aka auna ta. Mai zuwa coci ai an riga an ba shi Lahadi tun kafin ya buɗe baki.

Sai dai ka sani, ba lallai a ba ka ainihin abin da ka zaɓa ba. In suka ce ku yi musanyar lokaci da wani, ko ka haɗa da hutun cin abinci, matuƙar za ka samu sallar, sun fita haƙƙinka. Ka rubuta buƙatarka, ka ajiye amsarsu. In sun ƙi, kana da kwana 180 ka kai kuka hukumar EEOC mai sauraron ƙorafin wariya a wurin aiki, a wasu jihohin 300.